Laftof ɗin da ɗalibin zane mai motsi zai saya, da waɗanda zai wuce

Ɗan yayata ya shiga aji biyu a jami'a yana karanta zane, kuma hankalinsa ya tafi kan katun na kwamfuta, irin wanda ake gina mutum-mutumi, a sa masa ƙashi, a motsa shi. Mahaifinsa ya sayar da masara ya ware masa kuɗin laftof. Sai ga kiransa: "Kawu, an nuna min wata Core i7 siririya mai kyau, in biya?" Na ce ya riƙe kuɗinsa tukuna. Abin da na shafe kusan awa guda ina faɗa masa a waya shi na rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ne ke tsaye a wannan gaɓar ba.

Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato minti ɗaya hoto 1,440 ke nan. Bayan ka gama motsa jarumanka, sai kwamfuta ta zauna ta dafa hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, ta lissafa haske da inuwa da launi. Wannan shi ake kira renda. In kowane hoto yana cin minti 2, aikin minti ɗaya zai ci awa 48. In daƙiƙa 15 yake ci, awa 6 ka gama. Ga mai jiran wutar NEPA, kuma malami ya ce ranar Litinin a kawo aiki, wannan tazarar ita ce komai.

Wanda ke ɗaukar wannan nauyin katin girafik ne, wato sashen kwamfuta da ke lissafa hoto. Sitikar i7 da 'yan kasuwa ke nuna maka da yatsa ba ta gaya maka komai. I7 sunan furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ƙwayoyin da ke cikinta ne ke raba aiki a tsakaninsu. I7-6600U ta shekarar 2015 ƙwaya biyu gare ta, an yi ta ne don aikin ofis da tattalin batir. Ryzen 7 5800H ƙwaya takwas gare ta. Ka dubi harafin ƙarshe: U na masu buga takarda ne, H na aiki mai nauyi.

Manhaja kam kada ka kashe mata ko sisi yanzu. Blender kyauta ce tun 2002, kuma da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya wanda ya ci kyautar Oscar a 2025. Tana yin zane mai tudu da kwari, tana yin na shafe irin na takarda. Ita kuma manhajar Maya, kamfanin Autodesk yana ba ɗalibai lasisin shekara guda kyauta, ana sabuntawa, sai dai ba a yin aikin kuɗi da shi. Don haka kuɗinka duka ya tafi kan na'ura.

Ni dai in za a ba ni zaɓi sau goma, Lenovo Legion 5 zan ɗauka, musamman ta 2021 mai Ryzen 7 5800H da katin RTX 3060, wadda yanzu ake samun ta hannu a kasuwa. Dalilina na farko abu ne da ba a rubutawa a sitika. Katin RTX 3060 na laftof suna ɗaya ne, amma wutar da ake ba shi ta bambanta: wata na'urar siririya wat 60 take ba shi, Legion tana kai shi 130. Kamar doki ɗaya ne, wani ya ba shi dawa ya ƙoshi, wani ya bar shi da ƙaiƙayi. Kuma Cycles, injin renda na Blender, yana amfani da wata hanya ta katunan NVIDIA mai suna OptiX wadda ke cin moriyar sassan lissafin haske da ke cikin katunan RTX. Shi ya sa nake cewa ka nemi haruffan nan uku. GTX 1650 ba ta da waɗannan sassan, katunan MX kuwa kada ma ka tsaya tayawa.

Na biyu, ana buɗe ta a ƙara mata kaya. Gurbin RAM, wato ma'ajiyar aikin da ake kan yi, biyu ne, na SSD, wato faifan ajiya, ma biyu. Ka fara da RAM giga 16, in ka yi aikin talla ko biyu aka biya ka, ka mayar da ita 32. Tana da maɓallan lamba a gefen dama, waɗanda mai Blender ke juya kyamara da su dare da rana, kuma yawancin wayoyinta ta baya ake sa su, ba sa tare maka wurin allon zane. Fanka biyu gare ta, iska na fita ta baya da gefe biyu.

Tana da nata aibun. Nauyinta ya haura kilo 2, cajarta kamar bulo, kuma da ka zare ta daga wuta katin zai rage gudu, batirin ma ba ya jure renda. Giga 6 na katin yana cika in ka tara gashi da ciyawa da manyan hotunan fata a fage ɗaya, don haka in aljihu ya kai, ka hau zuwa mai RTX 4060 mai giga 8. Sannan sikirin iri biyu ake sa mata, akwai mai dusasshen launi, akwai mai cikakken sRGB. Ka nemi na biyun, don mai zane da ba ya ganin launi daidai zai yi ja a gida ya tarar da ruwan goro a majigin aji.

Sauran fa? Acer Nitro 5 tana da sauƙin kuɗi, amma masu arhar cikinta sikirinsu a dushe yake. HP Victus marfinta na rawa. ASUS TUF ba laifi in ba ka sami Legion ba. MacBook Air ba ta da fanka kuma ba a ƙara mata RAM. EliteBook da Latitude na ofis ne. Kwamfutar tebur ta fi kowacce ƙarfi a kan kuɗi ɗaya, har akwai RTX 3060 mai giga 12, amma ba ta shiga jaka zuwa aji, kuma da an ɗauke wuta ta mutu da aikinka.

Na san wasu za su ce na cika maganar fanka. To, ni zafi ya taɓa cinye min aiki. A watan Afrilu, cikin ɗakin kwanan ɗalibai mai rufin kwano, na bar renda ta dare uku ana saura kwana huɗu a karɓi aikin ƙarshen zango. Na'urar ta yi zafi ta kashe kanta a dare na biyu, ni kuma na sa ta fitar da bidiyo kai tsaye, don haka duk abin da ta dafa ya lalace. Tun ranar ba na kallon kyan na'ura, ramukan iskarta nake fara dubawa. Waɗanda suka ƙera ta ba su auna ta da bazararmu mai kai maki 40 ba, ba su kuma san ƙurar hunturu da ke toshe fanka ba. Ka ɗaga bayanta da littafi, kada ka ɗora ta kan katifa, a hure mata ƙura bayan kowane hunturu. Kuma ka riƙa fitar da aikinka hoto-hoto, yadda in ta tsaya a na 900 za ka ci gaba daga 901.

Ita wannan na'urar da ta mutu min, tun a shago aka cuce ni da ita. Mai shagon ya buɗe wani shafi ya nuna min "girafik giga 8", na yi murna na ƙirga masa kuɗin da mahaifiyata ta haɗa daga adashi. Ashe babu wani kati a ciki. Windows tana ware rabin RAM ta kira shi na girafik na aro, shi ya nuna min. Ka buɗe Task Manager, wurin da Windows ke nuna aikin sassan na'ura, da hannunka, ka nemi inda aka rubuta Dedicated, wannan ne na katin kansa. Inda aka rubuta Shared aro ne. In sunan NVIDIA bai fito a jerin ba, ka miƙa masa kayansa.

Wannan ƙaramar cuta ce ma. Ana iya sauya sunan furosesa da Windows ke nunawa, i3 ta koma i7 a rubuce. Don haka ka je da filash ɗinka, ka sa manhajojin duba kayan cikin na'ura, CPU-Z da GPU-Z da CrystalDiskInfo, a ciki, duk kyauta ne, kada ka yarda da waɗanda ke kan na'urar. Na ƙarshen zai nuna maka awa nawa SSD ya yi yana aiki, sai ka gwada da "wata uku kawai Bature ya yi da ita" da ake gaya maka. Ka buɗe Command Prompt na Windows ka rubuta powercfg /batteryreport ka ga abin da batirin ke ɗauka yanzu da abin da aka yi shi ya ɗauka. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbata ba a kulle da kalmar sirri ba, lambar da ke ciki kuma ta zo ɗaya da ta gindin na'urar, sannan ka sa lambar a shafin kamfanin ka ga da waɗanne kaya ta fito.

Mafi muni shi ne katin da aka gasa. Kati ya fara mutuwa, mai gyara ya busa masa iska mai zafi, ya farfaɗo na 'yan makonni, a goge shi a kai kanta. A shago lafiya lau, kana kai wa makaranta sai layuka da ɗige-ɗigen launi su cika sikirin. Maganinsa haƙuri. Ka sa Blender a filash tare da fagen gwaji na Classroom da ke shafinsu, ka kunna renda da katin, ka maimaita har rabin awa kana kallo. Mai kaya na gari zai ba ka kujera. Wanda ya fara cewa "Malam, akwai mai jira fa" ko "ai babu wuta", ka yi masa sallama.

Sai caja. Legion mai wannan katin da cajar wat 230 ko 300 take zuwa. Wasu su cire ta asali su sayar daban, su haɗa ka da ƙarama ko jabu, na'urar ta ƙi sakin ƙarfinta, kai kana zaton halinta ne. Ka karanta lambar da ke jikin cajar, ka ji nauyinta a hannu. Akwai kuma na'urorin kamfanonin waje da ba a cire su daga rajista ba, ranar da ka goge Windows ka sake sa ta ka hau intanet sai ta nemi adireshin ma'aikacin wani kamfani a Amurka ko Ingila. Ka sa a goge ta a sake sa Windows a gabanka da intanet a kunne. Bayan gwaji kada ta bar idonka, ko da sunan za a sa maka a kwali ne, don a nan ake musanya RAM ko na'urar ɗungurungum. A rubuta lambarta da sunan katin da kwanakin garanti a rasit mai hatimin shago, shi ne kuma shaidarka in ta zama ta sata. Mai talla a Facebook ko WhatsApp da ya ce ka tura kafin alƙalami ya sa a mota, kada ka tura.

Abin da ya rage a kuɗin, ka sayi maus mai maɓalli uku da allon zane marar sikirin. XP-Pen Deco 01 ko ɗan'uwansa na Huion ya ishe ka shekarun makaranta, Wacom sai ka fara cin gumin aikin. Ka haɗa da faifan ajiya na waje da soket mai tare ambaliyar wuta.

Ɗan yayar nawa ya mayar da siririyar. Kuɗin masara bai kai Legion ba, saura kaɗan, don haka mun tsayar zai ci gaba da koyon motsi a kwamfutar abokinsa har ƙarshen zango, ni da mahaifiyarsa mu cika, sannan mu shiga kasuwa tare da filash ɗin.