Anker 737: fawa bank mai iya ɗaukar laftof

Yawancin fawa bank na kasuwa bolt 5 suke bayarwa, laftof kuwa tana neman kusan 20, shi ya sa ka jona ta ƙi motsi. Anker 737 yana da tsarin USB-C PD, wato shi da kwamfutar ke daidaita ƙarfin wutar tsakaninsu, kuma yana kai wat 140.

Kada 24,000mAh da ke jikin kwalin ya ruɗe ka. Ainihin abin da ke cikinsa 86.4Wh ne (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke ajiyewa), wani kaso kuma yana tafiya a zafi. Laftof mai batirin 50Wh za ta cika sau ɗaya, a samu ɗan ragowa. Idan an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, wannan ya wadatar. Bai kai 100Wh ba, don haka yana shiga jirgi a jakar hannu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne igiya. Ta gama-gari ba ta wuce wat 60. Sai mai ɗaukar amfiya 5, irin wadda ta zo da shi. Allon jikinsa yana nuna wat nawa ke fita, nan take za ka gane igiyar da ba ta ja.

Tsofaffin laftof na HP da Dell masu zagayayyen bakin caji sai da igiyar musamman mai fitar da bolt 20, kuma a fara duba lambar bolt da ke bayan cajarsu. Aibin Anker 737 nauyi, ya haura rabin kilo, ga shi ba ya zuwa da kan caja. Kada a bar shi cikin mota a rana. Idan ya kumbura, a daina amfani da shi.