Makarantar Tuƙi ko Koyo a Hannun Direban Tasha?

Yaron da ya koya a tasha ya fi iya hannu. Ya san inda kuloci ke kamawa, yana tashin mota a kan tudu ba ta koma baya, yana duba ruwan lagireto da baƙin mai kafin fita. Amma halin maigidansa yake kwashewa duka: wuce mota a kwana, manne wa ta gaba, sakin giya a gangara wai don tsimin mai. Wannan na ƙarshe mugun abu ne, domin nauyin motar duk yana komawa kan birki, ya yi zafi ya ƙi kamawa.

Makarantar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita tana koyar da abin da tasha ba ta faɗa: alamomin hanya, wa ke da hannu a shataletale, kilomita 50 a awa cikin gari, da tazarar daƙiƙa biyu tsakaninka da na gaba, a ninka in ana ruwa. Sai da takardar makarantar ake samun lasisin farko, daga shekara 18. Rauninta ƙarancin lokaci a kan sitiyari; da yawa suna gamawa ba su taɓa tuƙin dare ba.