Jitar haɗin hannu: ka yi oda wurin mai haɗawa, ka bi ta dila, ko ka ɗauki ta kamfani?

Bari in fara gyara wani abu kar mu samu saɓani, in na ce jitar haɗin hannu ba ina nufin ta hannu ba wato wadda wani ya mora ya sayar, ina nufin wadda mutum ɗaya ko 'yan mutane kaɗan suka zauna suka zaɓi katako suka fere suka manna suka yi mata fenti da kansu. Mutane da yawa da zarar sun ji an ce haɗin hannu shikenan sun sallama, gani suke ai dole ta fi ta kamfani. Toh wani lokacin ta fi ɗin, nesa ba kusa ba ma, amma wani lokacin kuma sai ka ga abin takaici a jikin jitar da aka zuba wa kuɗi masu yawa, irin kuskuren da ko jitar 'yan koyo ta kamfani ba za ka gani a jikinta ba. Kuma abin da na lura shine ba mai saye ne yake fara shan wahalar ba, dila ne, shi yasa in za ka zaɓi inda za ka saya yana da kyau ka san me ke faruwa a bayan kanti.

Jita abu ce da take zaune cikin ja-in-ja kullum. Wayoyin ƙarfe guda shida in an ɗaure su daidai suna jan abin da ya kai kusan kilo 70, na nailan kuma wajen kilo 40, alhali fuskar jitar, wato falan katakon gaba mai rami, kaurinsa bai cika wuce milimita 3 ba. Wannan fuskar ita ce muryar jitar. Antonio de Torres, ɗan Sifen ɗin da ya fitar da siffar jitar gargajiya, wato irin mai wayar nailan, da ake bi har yau, a 1862 ya haɗa wata da ya yi mata baya da gefe da kwali don ya nuna cewa fuska ce ke magana. To mai haɗin hannu in yana son murya mai daɗi sai ya sirantar da fuskar nan ya rage sandunan da ke tallafe da ita ta ciki, kuma nan ne gwaninta take nan ne kuma haɗarin yake, ya rage kaɗan fiye da kima bayan shekara ɗaya sai ka ga cikin ya kumbura bayan jaki, gaban jakin kuma ya lotsa. Jaki shine katakon nan da wayoyi ke ɗaure a kansa. Kamfani ba ya yarda ya yi wannan kasadar, gara ya bar katakon da ɗan kauri murya ta ɗan ragu da a dawo masa da dubban jitoci.

Matsalolin da aka fi kuka da su kusan iri ɗaya ne ko daga ina jitar ta fito. Na farko katakon da bai gama bushewa ba, ko shagon da ba a kula da danshinsa. Masu aikin da suka san abin da suke yi suna riƙe danshin ɗakin aiki tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, wanda ya haɗa jita a ɗaki mai laima sosai kuma aka kai ta inda iska ta bushe, katako zai tsuke, fuska ta tsage, bakin firet, wato ƙarafan nan da ke jere a kan wuyan jita inda ake danna waya, su fito ta gefen wuya suna kartar hannu. Na biyu kusurwar wuya, wannan shine babba wallahi, don in tun farko an dasa wuyan a karkace ba wani saiti da zai gyara, sai an cire wuyan gaba ɗaya an sake zaunar da shi, kuma in irin haɗin da aka manne da gam ne sai an tura tururi ciki kafin ya saki, aiki ne na gwani kuma ba arha. Sai firet da ba su daidaita ba, wani ya ɗara wani tsayi sai waya ta riƙa zuzu a wuri ɗaya. Sai jakin da aka manna ba a kankare fentin ƙarƙashinsa da kyau ba ya fara ɗagowa. Sai kuma shi kansa fentin, irin na naitiro da masu haɗin hannu da yawa ke so yana buƙatar makonni kafin ya kama sosai, in an yi gaggawar gogewa don kwastoma na ta kira, daga baya sai ya nutse cikin katako ko shatin akwatin jitar ya fito a jikinsa.

Yanzu ka tsaya a matsayin dila. Shi fa ya saro kayan nan da kuɗinsa, sau da yawa ya ba da kafin alƙalami ya jira watanni, kwali ya iso ya buɗe ya tarar da jita biyar, uku lafiya lau, ɗaya wayoyinta sun yi sama sosai, ɗaya akwai tabo a fenti. Me zai yi? In ya mayar, kuɗin aike zuwa da dawowa da inshora galibi ana jayayya kan wa zai biya, kuma jita ba ta son tafiya, kowace tafiya wata damar fashewa ce, ga shi mai haɗawa mutum ɗaya ne da layin oda a gabansa ba lallai ya taɓa gyaran nan da wuri ba, jarin dila na kwance. In ya gyara da kansa ya biya mai gyara daga cikin ribarsa wadda dama ba wani yawa gare ta ba. In ya karya farashi ya sayar a matsayin mai tabo ya yi asara kuma mai haɗawa zai ji haushi an zubar masa da darajar suna. In kuma ya rufe ido ya rataye ta a bango haka nan, ranar da ta ba da matsala ba wanda zai nemi mai haɗawa, shagon da aka biya kuɗi za a dawo ana ɗaga murya. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, dila yana tsoron ya cika ƙorafi a daina ba shi kaya, musamman in sunan yana tashe kuma wasu shaguna na layi suna jira, shi yasa wasu suke haɗiye abin su yi shiru. Wasu kuma da sun gaji sai kawai ka ga sun daina kawo kayan wane ba tare da sun ce komai ba. In ka ga shaguna biyu uku da suka saba ajiye wani suna duk sun daina a lokaci guda, ka yi tambaya kafin ka tura kuɗi.

Toh ga hanyoyin da ke gabanka.

Oda kai tsaye wurin mai haɗawa ita ce ta fi daɗin labari, kai za ka zaɓi katako da faɗin wuya da komai, kuma in ka dace da gwani za ka samu abin da ba kamfanin da zai ba ka. Amma ka sani cinikin biri a sama ne, ka biya wani kaso kafin a fara, ka jira wata da watanni wani lokacin shekaru tunda mutum ɗaya bai cika wuce jita goma zuwa ashirin a shekara ba, kuma wanda ya haɗa shine ya duba aikin kansa shine kuma zai yanke hukunci in ka kawo ƙara. Ba wani ido na biyu. Ni na taɓa karɓar irin wannan, murya kamar me, amma daga firet na tara zuwa sama duk sautin ya ɗan haura, da aka auna ashe an dasa jakin gaba da inda ya kamata da ɗan kaɗan, mutumin kirki ne ya karɓa ya gyara amma sai da na yi kusan rabin shekara ba jita ba kuɗi. In za ka bi wannan hanyar a rubuta komai, kwana nawa kake da su na gwaji bayan ta iso, in ba ta yi maka ba me za a dawo maka da shi, wa ke biyan aike, kuma ka nemi ka taɓa wata jitar da ya haɗa shekara biyar da suka wuce ba sabuwa ba, don sabuwa kowa tasa na da kyau.

Saye ta hannun dila ya fi tsada a ido, amma ƙarin nan da kake biya kuɗin tacewa ne, in dai dilan na gaske ne. Wanda nake nufi shine mai buɗe kowane kwali ya auna ya kaɗa, yana da mai gyara a shagon ko wanda yake aiki da shi, kuma ba ya jin kunyar mayar da kaya. Tambaya ɗaya nake yi musu, a cikin kayan wannan mai haɗawar ka taɓa mayar da wata, kuma yaya ya karɓi maganar? Wanda ya ce sam bai taɓa ganin matsala ba ko dai bai daɗe da fara kawowa ba ko ba ya dubawa ko kuma yana ɓoye maka. Sannan ka tambaya jitar tasa ce ya saya ko ajiye masa aka yi ya sayar ya ɗauki la'ada, don in ajiya ce sau da yawa ruwansa ya ƙare da zarar ka fita. Babbar ribar wannan hanyar dai ita ce wadda ka kaɗa ita za ka tafi da ita gida, tunda a haɗin hannu ko jita biyu daga itace ɗaya ba sa fitowa da murya ɗaya.

Akwai kuma na tsakiya, ƙananan kamfanoni irinsu Collings a Texas da Santa Cruz a Kalifoniya, ma'aikata ba su da yawa, inji yana yanka sassan da ke buƙatar awo daidai, mutum kuma ya yi aikin kunne da na hannu, jita na wucewa ta hannun mutane da dama kafin ta fita. A ganina ga mafi yawan masu neman jita mai kyau nan ne hankali ya fi kwanciya, sai dai kuɗin ba wasa.

Manyan kamfanoni kuwa kar a raina su. Martin tun 1833 suke wannan aikin, Taylor da aka kafa a 1974 sun dogara sosai da injin da kwamfuta ke sarrafawa, kuma a 1999 suka fito da wuyan da ake ɗaurewa da noti wanda mai gyara zai kwance ya canja ɗan falan katako ya gyara kusurwa cikin ɗan lokaci ba tururi ba gam. Yamaha ma an san su da cewa in ka ɗauki goma iri ɗaya kusan duk ɗaya za ka ji su. Abin da kake saya a nan tabbas ne, da tsarin garanti da dila zai iya jingina da shi. Abin da ba lallai ka samu ba shine muryar nan da ke sa mutum ya kasa ajiye jita. In wannan ce jitarka mai tsada ta farko, ko da ita kake neman abinci kana yawo da ita, ni dai ta kamfani ko ta ƙaramin kamfani ta hannun dila zan ce ka ɗauka, oda ta musamman ka bari sai kunnenka ya san abin da yake nema.

Ko wacce ka zaɓa kar ka biya sai ka duba da kanka. Ka ɗora doguwar rula a kan firet ka tura ta zuwa jaki, ya kamata ta sauka daidai saman katakon jakin, in ta daki ƙasa sosai wuyan ya fara zuwa gaba. Ka duba tazarar waya da firet na 12, a jitar ƙarfe wajen milimita 2.5 a waya mai kauri da 2 a siririya, ta nailan kuma wajen 4 da 3, sannan ka kalli farin ƙashin da ke kan jaki, in an riga an fere shi ya kusa ƙarewa a sabuwar jita to ɓoye matsalar wuya aka yi. Ka kaɗa waya ba tare da ka danna ta ba sannan ka danna ta a firet na 12 ka duba da na'urar saita sauti, dole sautin ya zama ɗaya sai dai na biyun ya fi sama. Ka bi kowane firet a kowace waya ɗaya bayan ɗaya, eh yana ɗaukar lokaci kuma mai shago zai riƙa kallonka, bar shi ya kalla. Ka gwada zura takarda a bayan jaki, in ta shige ya fara ɗagowa. Ka haska tocilan waya cikin ramin ka ga ko gam ya zuba ko wata sanda ta saki, ka ƙwanƙwasa fuskar a hankali da yatsa ka ji ko akwai abin da ke karkarwa.

Ɗan tabon fenti ko layin ado da bai miƙe sosai ba ni ba ya damuna a haɗin hannu, sai dai in nemi ragi. Wuya da jaki da tsagewa su ne ba na yafewa.

Garanti kuma ka karanta shi da kyau, yawanci na wanda ya fara saye ne kawai, kuma kusan duk suna cire tsagewar da bushewar iska ko zafi ya jawo, a nan ne ma aka fi rigima, mai haɗawa ya ce kai ne ba ka kula da ita ba kai kuma ka ce katakonsa ne ɗanye, dila na tsakiya kowa na jansa. Ka sayi ɗan na'urar auna danshi ka jefa cikin akwatin tun ranar farko, ka ɗauki hoton jitar ta ko'ina a gaban mai shagon. In kuma an ce maka bayanta da katakon rozwud na Barazil aka yi, ka nemi takardunsa kafin komai, don tun 1992 yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu tsakanin ƙasashe, ta sa shi a jerin da aka fi tsaurarawa, ba takarda za a iya riƙe jitar a boda, kuma dilan kirki ma ba zai karɓe ta daga hannunka ba ranar da ka tashi sayarwa.