Smith & Wesson 642 ko Ruger LCR, wacce ta fi daɗin ɗauka kullum?

A Amurka masu izinin yawo da bindiga a ɓoye, in ana zancen libarba mara nauyi, waɗannan biyun ake ta musu a kansu. Duka harsashi 5 suke ci, nau'in da ake kira .38 Special, duka kuma gudumarsu, wato ƙarfen baya da ke bugawa harsashi ya tashi, a rufe take don kada ta maƙale a aljihu.

642 ɗin jikinta alminiyom ne, wajen giram 410, zubinta ya samo asali tun 1950 shi yasa kube da ƙota nata sun cika shaguna, duk irin wanda kake so zaka samu. Matsalarta kunama, tauri gareta sosai, sabon hannu sai ya ga bakin bindigar na karkacewa kafin ta tashi.

LCR kuwa 2009 ta fito, wani ɓangarenta roba ne, wajen giram 380. Kunamarta sumul take tafiya, ƙotar kuma na rage bugun da hannu ke sha, sai dai ta ɗan fi kauri a aljihu, kuma in baka saki kunamar gaba ɗaya ba bayan harbi, na biyun sai ya ƙi tashi.

Rashin nauyin nan fa tafin hannu ke biyan kuɗinsa a filin atisaye, kowacce ka ɗauka. Ni dai LCR zan nuna wa sabon shiga saboda kunamar nan.