Ɗan kunnen RFID a turken shanuna: yana tuna lissafi, ba ya kama ɓarawo

Shekara goma sha ɗaya ina kiwon turke a nan Daura. Ranar Lahadi nake shiga kasuwar Mai'aduwa in tsinto ramammun bajimai, in ɗaure su wata huɗu ko biyar a kan dusa da harawa da ƙuli, in sun yi ƙiba in sallama wa 'yan lodin Kudu. Duk lissafin a kaina yake, sai wani littafi da ruwan damina ya taɓa jiƙawa. Bara wani likitan dabbobi daga Katsina ya kawo mini 'yan kunnen RFID guda hamsin, wato masu ɗauke da lambar da ake karantawa da igiyar rediyo, da abin huda kunnen mai kama da filaya, da wata sanda mai karanta su.

Tambayata ta farko ita ce wadda kowa zai yi a ƙasar nan: in an kore mini shanu da dare, zan gan su a waya? Ya ce, "A'a, Alhaji, wannan ba GPS ba ne." Gaskiyarsa kenan, kuma don ita na saya. Ɗan kunnen ba shi da batir ko kaɗan. Sandar ce ke aika masa igiyar rediyo a zangon kilohaz 134.2, ya ɗan farka ya faɗi lambarsa mai alƙaluma 15, ya koma barci. In ba ka kai sandar kusa da kunnen kamar taƙin hannu ɗaya ko biyu ba, shiru za ka ji. Duk wanda ya ce maka wannan abin zai bi sawun ɓarayi cikin daji, kuɗinka yake so.

Amfaninsa a wani wuri yake. Ina da farare guda tara da ko uwarsu sai ta duba kafin ta bambanta su. A da sai in ce wa yaron da ke kula da su, "An ba wancan maganin hanta?" ya ce, "Baba, ina jin an ba shi." Wannan "ina jin" ta sa mun taɓa ɗura wa sa ɗaya magani sau biyu, ɗan uwansa bai samu ba sai da ya fara zawo. Yanzu a ɗora sanda, ta yi ƙara, wayar ɗan ƙanena ta nuna ranar saye, kuɗin saye har da la'ada, allurar da aka yi masa da ranarta. Da muka tattara lissafin zagaye biyu sai na gano abin da ban so ji ba: manyan bajiman da nake alfahari da su a kasuwa sun fi cin dusa, ribarsu kuwa ba ta kai ta matsakaita ba. Akwai kuma shanu shida na abokan haɗin gwiwa a garken, kuma tun da aka sa lambar ba mu ƙara musun na wane ne ya mutu ba.

Kuɗin 'yan kunnen bai dame ni ba. Sandar ce ta ci kuɗin rago mai kyau, kuma manhajarta da Turanci take, sai ɗan ƙanen nawa yana kusa. Cajinta na kai mu kwana da yawa. 'Yan kunne guda uku sun fita: biyu a jikin wayar shinge da shanun ke susa, ɗaya kuwa laifinmu ne, mun huda can bakin kunne maimakon tsakiya, tsakanin jijiyoyin nan biyu. Wani kunnen ma ya yi ruwa don ba mu goge wurin da magani ba. Sa mai tunkuyi kuma, kai masa sanda kunne aiki ne na mutum biyu da igiya.

Inda na yi da-na-sani shi ne raguna. Na maƙala wa goma kafin babbar Sallah. Malaminmu ya ce ƙaramar huda ba ta ɓata layya, sai yankan da ya wuce sulusin kunne. Amma mai saye ba ya tsayawa jin fatawa a kara. Ya kama kunne, ya ga huda, ya saki ya wuce. Huɗu sai da na rage musu kuɗi. Bana shanu kawai na sa wa, raguna kuwa na koma shafa musu fenti a gadon baya.