Naira 185,000 a kan kwan fitila ɗaya: gargaɗi ga mutanen Bauchi

Naira 185,000. A kan kwan fitila guda ɗaya tal, na barandar gidanmu a Fadaman Mada. Na rubuta wannan magana na goge ya fi sau uku saboda kunya, amma yau da asuba na sake ganin Hajiya tana laluben bango za ta alwala, sai na ce wallahi sai na faɗa, ko da za a yi mini dariya.

Kuma kada wani ya zo yana ce mini ai ni na yi sakaci. Shekara 14 ina aikin gwamnati, ni na tsaya a kan ginin gidan nan tun daga tushe, babu birkilan da ya taɓa cin buhun simintina. Ni ba yaro ba ne.

Abin da nake so bai taka kara ya karya ba. Barandarmu doguwa ce, daga zaure har bayan gida, makunnin fitilar kuma yana zaure. Hajiya idonta ya yi rauni, ga ciwon gwiwa, ta taɓa tuntuɓe da bokiti cikin duhu. Sai na ce a yi mini irin wanda ake kunnawa a nan a kashe a can, a wuri uku: zaure, ƙofar ɗakinta, da bakin bayan gida. Shi ke nan fa.

Mai wayarin da na ba aikin ya zo ranar Asabar, da jakar kayan aiki, testa a aljihun gaba. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Hajiya, ya ce "Mama, in sha Allahu kin daina tafiya cikin duhu." Daga nan ya yago takardar buhun siminti, ya tsuguna a tsakar gida ya zana mini. Wannan zanen shi ne ya ci ni. Ya zana akwati uku, wato makunnan uku, ya ce na farko da na ƙarshe su ake kira tu-we, na tsakiya kuma intamidiyet, waya biyu ke ratsawa ta cikinsa. Kuma abin takaicin, duk abin da ya zana daidai ne! Na tabbatar daga baya. Ya san aikin sarai. Ba jahilci ba ne, zamba ce cikin aminci.

Naira 120,000 na kaya, ya ce waya rol biyu mai 1.5, bututu, akwatuna, siminti. Na tura nan take yana tsaye a gabana, ya ce "Yallaɓai, alat ya shigo." Sai 25,000 kuɗin aiki. Sai 40,000.

Wannan 40,000 ɗin ce ke hana ni barci. Ranar Talata ya kira ni, a'a, Laraba ce, don ina ofis muna jiran taro. Ya ce intamidiyet babu shi a duk faɗin Bauchi, ya zagaya Wunti, ya zagaya Babbar Kasuwa, sai dai a Kano, akwai direban da zai taho da shi in an tura yanzu. Na tura. Bayan abin ya faru na je Wunti da ƙafata, shago na biyu da na shiga yaron shago ya miƙo mini shi daga kan kanta. Da ya faɗi kuɗinsa sai da na ce ya maimaita. Na tsaya riƙe da abin a hannu kamar wawa, yaron yana tambaya ko a sa mini a leda.

Zan ɗora hoton tiransifa ukun, da saƙon muryar da yake cewa Kano, bari in rufe lambar asusuna tukuna. Takardar simintin ma tana nan, na ajiye.

Na manta ban faɗi yadda na same shi ba. A masallacin unguwa na yi zancen bayan Magariba, wani ya ce ya ga wani yaro yana aiki a wani kango kusa da mu, da alama ya iya. Ya ga yana aiki, ba wai ya san shi ba. Yanzu nake jin bambancin. Shi ma bawan Allahn yanzu in ya hango ni sai ya sunkuyar da kai, alhali ba laifinsa ba ne.

Ranar da mai wayarin ya gama, ku ji yadda ya gwada mini. An kawo wuta wajen la'asar. Ya kai ni zaure, ya kunna, ya kashe. Muka je ƙofar Hajiya, ya kunna, ya kashe. Bakin bayan gida, ya kunna, ya kashe. Uku duk suna yi. Hajiya har da sa masa albarka, ta sa aka zubo masa fura. Ni kuma na ƙara masa 2,000 na mashin, wannan ban ma sa ta a lissafi ba. To wa zai ce ba ya aiki? Ku faɗa mini tsakani da Allah, a cikinku mutum nawa ne zai ce tsaya, bar shi a kunne a nan mu je can mu kashe?

Daren ranar yarona ya kunna a zaure ya shige ɗaki. Hajiya ta danna nata don ta kashe, fitila ta ƙi mutuwa. Ta danna, ta danna. Haka ta kwana haske na dukan tagarta. Na kira mai wayarin da safe ya ce sabo ne, zai daidaita. Makunni zai daidaita! Kuma na yi shiru na saurare shi. Kwana tara bayan nan makunnin Hajiya ya mutu gaba ɗaya, lambar wayar mutumin ma ta daina shiga, ko sama ko ƙasa. Kangon da aka ce yana aiki na je, mai gadi ya ce su ma nemansa suke.

Wani dattijo mai wayarin na samo, tsohon hannu. Ya sauke wutar gidan, ya kwance makunnan uku ya jera mini a kan tabarma ya juya bayansu. Ya ce "Alhaji, ƙirga ramukan." Biyu, biyu, biyu. Duk na gama-gari ne, irin na kowane ɗaki. Ya ce tu-we rami uku gare shi, intamidiyet huɗu. Abin da yaron ya yi, ya haɗa ukun ne a kan waya ɗaya, kowanne na iya kunnawa, amma fitila ba za ta mutu ba sai duk ukun suna kashe. Shi ya sa yake kashe kowanne kafin mu matsa gaba. Ya san abin da yake yi da ya zana mini, ya san abin da yake yi da yake gwadawa.

Sai Baba, dattijon nan, ya kankare wayar da wuƙa. Sama ja, ciki fari fat. Alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, shi ya sa ta karye a bakin noti a makunnin Hajiya. Bututun da na biya kuwa babu ko taku ɗaya, a cikin filasta ya binne wayar tsirara, ba a iya zaro ta balle a zura wata. Rol biyu ya ce, Baba ya ce ko rabin ɗaya bai shiga bangon nan ba. Sai an sake fasa bango. Bangon da na yi wa fenti kafin Babbar Sallah.

In za ku yi irin wannan aiki, ku sayi kaya da kanku, ku juya bayan makunni ku ƙirga rami, ku kankare waya. Ku kunna a nan ku kashe a can, ta kowane ɓangare, kafin ku cika kuɗin aiki. Ku tambayi takardar shaidar NEMSA, hukumar gwamnati mai tantance masu aikin lantarki, in yana da ita.

Ni dai 185,000. Matata ta ce in bar wa Allah, na bari, amma hotunan sai na ɗora. Har yanzu Hajiya ba ta san nawa na biya ba, na ce mata dubu talatin ne. Jiya ma take tambayata ina yaron nan mai ladabi, ko ba shi da lafiya ne bai dawo ba.