Hattara da mai saida allon ƙanƙara a Facebook, ya ci mini jika 185

Jika 185 jama'a. Jika ɗari da tamanin da biyar na sefa, kuma da hannuna na kai su wurin aika kuɗi, har sau ukku. Yau kwana tara ban yi barcin kirki ba.

Kafin wani ya ce mi ɗan Maradi zai yi da sinobod, wato allon da ake hawa a sulale kan ƙanƙara, a garin da zafi ke wuce digiri 40, ba nawa ba ne. Ƙanena ne ke karatu Grenoble can Faransa, abokan lakkwal ɗinshi sunka ja shi dutsin Chamrousse, yaro ya kamu da son abin, irin wanda ake tsalle ana juyi ana hawa kan ƙarfe, kullum haya yake yana ƙone ɗan kuɗin da nike aika mishi. Na ce bari in saya mishi nashi ba tare da ya sani ba. Nan ne na yi kuskure, da na tambaye shi da an wuce wurin.

Ni ba yaro ba ne wallahi. Shekara 14 ina saida kayan babur, Jibiya da Kano babu inda ban saro kaya ba, ban taɓa biyan abin da ban gani ba. Amma mutumin ga mai saida allon a Facebook da Hausa ya yi mini magana, ya ce Lyon can Faransa yake zaune, yana ce mini babban yaya. Kuma ya san abin. Shi ya bayyana mini cewa allon wasa gaba da baya iri ɗaya ne kamar tagwaye, don mai shi ya iya tafiya ta kowane ɓangare in ya juya. Ya tambayi tsawon yaron da nauyinshi da lambar takalminshi, ya ce santimita 152 ta ishe shi, na wasa bai kamata ya wuce haɓa sosai ba, kuma mai taushi ya fi ga sabon shiga. Ya ce akwai kamba, mai tudu a tsakiya da ke ba da ƙarfin tsalle, akwai roka mai lanƙwasa kamar ayaba da ba ta yawan kada mutum. Daga baya ƙanen nawa ya ce yaya duk gaskiya ya faɗa maka. Duk gaskiya! To ta ina zan gane?

Ga wurin da ya kama ni, shi nike ta juyawa a raina. Alluna biyu ya nuna mini, ni na zaɓi mai tsadar, na jika 160. Sai ya ce a'a babban yaya kada ka ɓata kuɗinka, wancan ƙasanshi na garin roba ne da anka matse, ya fi gudu amma sai ana shafa mishi kaki a kai a kai kuma gyaranshi wahala, yaron da zai riƙa goga allo kan ƙarfe gara na narkakkar roba, in ya karce a ɗiga mishi roba a cike. Ɗauki na 120. Ku gaya mini, wane ɓarawo ne za ka miƙa ma 160 ya ce kawo 120? A'a babban yaya kada ka ɓata kuɗinka. Har na ce ma matata yau na gamu da mai tsoron Allah.

Ran Talata na aika 120 ɗin. Ko Litinin ce, don ranar da anka ɗauke wuta tun safe ce. Sannan 25 na kai kaya Grenoble, a'a, 40 na maɗaurin ƙafa ne ya riga, ya ce allo ba ya aiki sai da su, wannan ma gaskiya ce. 120 da 40 da 25, 185, ya haura Yuro 280. Kuma lambar da na aika ma ba ta Faransa ba ce, ya ce ta ɗan uwanshi ce don a rage kuɗin aike, na ga haka na yi shiru. Na ce ya ɗauko mini bidiyon bakin ƙarfen allon da gefenshi in ga ko ya tsage ko ruwa ya shiga itacen ciki, shi da kanshi ya koya mini duba haka, ya ce gobe. Wannan tun kafin 40 ɗin ne ma. Goben ke nan har yau, ya toshe ni a WhatsApp, shafin ma ya sake mishi suna. Hotunan kuwa ƙanena ya gano su a wani shafin saida gwanjo na Faransa, na wani ne daban.

Ina da hoton hirar duka da muryoyinshi da takardun aike ukku, zan saka su da dare in na rufe shago. Kada ku aika ma kowa ko dala sai naku na can ya je ya riƙa allon da hannunshi.

Gobe zan kai takardun komisariya. Hajiya har yanzu ba ta sani ba, wanda ya san gidanmu don Allah ya yi shiru.